Zoben Roba a Murfin Tanki

A gidanmu ni ce mai baki. Tun ina ƙarama aka laƙaba min wannan, kuma har na yi aure na haifi biyu bai sake ni ba. Shi ya sa ranar da Yaya Babangida, babban wanmu, ya tara mu a falon Umma don maganar motar Baba, da ni ya fara.

"Auta, don Allah ki bari in kai aya kafin ki soma."

Ban bari ba, amma dai na ji abin da ya zo da shi.

Motar Baba tsohuwar a-kori-kura ce mai shan dizal. Shekara ashirin da biyu yana ɗaukar buhunan abincin kaji da ita daga shagon dillali zuwa gonakin bayan gari. Ba don ci yake yi ba yanzu, mun girma mun ɗauke masa. Amma in ka raba Baba da motar nan, ban san me zai tashi ya yi da safe ba. Kullum kafin ya karya sai ya zare sandar baƙin mai ya goge ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Ya kwance ƙasan filta ya zubar da ɗan ruwan da ya taru. Kuma a tarihi tankinsa bai taɓa sauka zuwa rabi ba. Ya kan ce dizal ba fetur ba ne, in ka bari injin ya zuƙi iska sai ka wuni kana lallashi.

To motar nan da ake riritawa haka ita ce ta shiga mutuwa a hanya. Sau bakwai cikin wata uku, kuma kullum a doguwar hanyar gona, kullum Baba ne a sitiyari. Dogo, bakaniken da ke duba masa ita tun tana sabuwa, ya canza filta har sau biyu. Ya sauke tanki ya wanke, ya kai nozul masu fesa mai cikin inji aka gwada, ya zagaya gari da ita har ya gaji, ko tari ba ta yi masa ba. Daga ƙarshe ya ja Yaya gefe ya ce, "Yallaɓai, ni dai ban ga laifin mota ba."

Daga nan Yaya ya ɗora nasa lissafin. Baba ya kan bar sigina tana ta ƙiftawa tun daga kwanar masu kayan gini har ƙofar gida. Maƙwabcinmu ya yi ta danna masa hon a mararraba, ko waiwayowa bai yi ba. Umma ta kira shi sau uku daga kicin, ya yi shiru. Shi kansa Yaya ya ba shi saƙo ranar Talata, ranar Laraba Baba ya rantse ba a faɗa masa ba.

"Ruɗewar tsufa ce ta fara," in ji Yaya, a hankali kamar yadda yake komai. "Ko wani abu yake taɓawa ya manta, ko giyar ce ke rikice masa. Ba zan zauna in jira a kira ni a ce babbar mota ta bi ta kansa ba. Na samu mai saye. Zai zo Asabar da la'asar."

Umma ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Wannan shirun nata ya fi maganar Yaya ɓata min rai, don na gane ita ma ta fara yarda.

Na faɗi abin da na faɗa, ba duka ne zan maimaita ba. Iyakar abin da na samo shi ne safiyar Asabar. Zan bi Baba gona in gani da idona, in motar ta mutu kuma laifinsa ne, ni da hannuna zan karɓi makullin in miƙa wa Yaya. Da na fito waje sai na fara shakka, don ban san komai a mota ba sai abin da ya shiga kunnena ina yarinya.

Asabar da sassafe na tarar da shi ya riga ya buɗe bonet, da tsumma a kafaɗa. Ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Yayanki ya turo ki ki duba ko na zare?"

"Ni na turo kaina, Baba."

"To shiga. Ki ja ƙofar da ƙarfi, ba ta son ladabi."

Cikin motar bai canza ba. Kujerar da aka rufe da tsohon bargo, warin dizal da na dusa, sifana lamba goma a cikin kofin roba, da ƙaramin littafin da yake rubuta ranar canza mai. Rediyo ce kawai na ga ya ƙure mata murya, har ƙofa na rawa. Na rage, bai ma lura ba.

Muka biya gidan mai. Allurar mai na nuna kusan cike, amma sai da ya sa aka ƙara. Da famfon ya tsaya ya dafa gefen motar ya jijjiga ta, man ya ɗan sauka, ya ce a ƙara. Haka har sai da dizal ya leƙo bakin tanki. Mai zuba man ya kalle ni ya yi murmushi, alamar ya saba. Baba ya mayar da murfin ya murɗa shi da hannu biyu, ya goge gefen da tsumma. Daga nan shagon dillali, aka loda buhu ashirin, shi da kansa ya ɗaure igiya, ya ja ya ji ta yi tauri.

Na sa masa ido kamar mai gadin jarrabawa, ina jin kunyar kaina. Ban ga komai ba. Giya na shiga a lokacinta, yana duba madubi fiye da mijina, ramin da ke gaba ya san shi tun kafin mu kai. Yana tuƙi yana ba ni labarin mai gonar da za mu, yadda ya fara da kaji ɗari biyu a bayan ɗakinsa. Duk abin da na tambaya ya amsa daidai. A raina na ce, wannan ne mai ruɗewa? Sigina dai ya bar ta tana ƙarar tik-tik bayan mun sha kwana, sai da na ce masa, ya kalli allon gaba ya kashe.

Mun wuce gada da wajen masu buga bulo, gidaje sun fara ƙarewa, sai motar ta yi wata 'yar shessheƙa. Ta ci gaba, ta sake yi. Baba ya taka totur, ta ƙi amsawa, ƙarfinta na zubewa. Bai ruɗe ba ko kaɗan. Ya taka kuloci, ya bar ta ta gangara gefen titi ƙarƙashin wata bishiya, ya ja birkin hannu. Injin ya yi shiru.

"Kin gani ko?" ya ce. "Me na taɓa?"

"Ba ka taɓa komai ba."

Muka fito. Ya buɗe bonet ya nuna min ɗan famfon hannu da ke saman filta, wanda ake dannawa don jawo mai. Ya lotsa ciki, ya ƙi tasowa.

"Kullum haka nake samunsa. Mai ne ba ya zuwa. Na faɗa wa Dogo, ya ce famfon ne, muka sa sabo, ga shi nan." Ya goge hannu. "Bari in leƙa tanki, ko da yake na san a cike yake. Na kan duba don hankalina ya kwanta. In ta ɗan huta kuma sai ta tashi."

Ya zagaya gefen motar, ni ina tsaye wajen taku huɗu daga inda yake. Ya sunkuya ya murɗa murfin, sai na ji tankin ya ja iska, doguwar tsuwa mai ƙarfi, fiiiish, har ƙarfen ya yi ɗan ƙum kamar an saki gwangwanin da aka matse. Sai da na zabura. Baba kuwa, da fuskarsa ke daf da wurin, ko gira bai ɗaga ba. Ya leƙa ciki ya ce, "A cike."

"Baba, ba ka ji ba?"

"Me?"

"Tankin. Ya zuƙi iska."

Ya kalle ni kamar na faɗi wani shirme. Na karɓi murfin daga hannunsa na juya shi. A ciki akwai wani baƙin zoben roba, an yanka shi da almakashi tsaf, an zaunar da shi daram, ko ina ya rufe.

"Wannan fa?"

"Ni na sa. Na ga dizal na ɗan jiƙa gefen nan in na cika, ƙura na mannewa. Na yanko daga tsohuwar robar cikin taya. Tun da na sa ko ɗigo bai sake fita ba."

"Yaushe?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Ya karɓi murfin, ya sa farce ya ɗaga gefen robar. A ƙarƙashinta akwai wata 'yar huda, ba ta fi bakin allura ba.

Ni ban san mota ba, amma na san gwangwanin madara. In ka huda shi wuri ɗaya, sai ya ɗan zubo ya tsaya, sai ka yi masa huda ta biyu ya samu numfashi. Na fara faɗa masa haka, ya ɗaga min hannu. Ya riga ni kai wa can.

"Wata uku," ya ce. "Na toshe mata hanci da hannuna." Ya juya murfin a hannunsa. "Shi ya sa ba ta yi wa Dogo. Shi da an kai masa sai ya juye tankin, ya zuba galan ɗaya ya yi gwaji. Tanki duk iska ne, yaushe za ta ƙare? Ni kuwa na cika ta har wuya. Tana shan lita ɗaya sai ciki ya matse, famfo ya ja ya ja ya kasa. In na buɗe don in duba, sai ta samu numfashi ta tashi, ni kuma in ce hutawa ta yi."

Daɗi ya kama ni har na fara tafa hannu. Mutumin da ya warware wannan a tsaye a bakin titi, shi ake cewa ya ruɗe? Amma Baba bai yi dariya ba.

"Kika ce ya yi ƙara?"

"Sosai."

"Ba zai yiwu ba. Da na ji."

Ya mayar da murfin da robarsa, ya murɗa tamau. Ya danna famfon hannu har ya yi tauri, ya murɗa makulli, ta tashi. Na gane abin da yake nufi, na shiga. Wannan karon ta fi jimawa, don man ya ɗan sauka. Sai da muka bar kwalta muka hau jar hanya, rufin ɗakunan kaji ya bayyana daga nesa, sannan ta soma shessheƙa ta mutu.

Ya fito, na bi shi. Babu kowa a wurin, ko iska ba ta kaɗawa sosai. Ya cire hularsa ya ɗora a kan buhu, ya kara kunnensa daf da bakin tankin, ya murɗa a hankali. Tsuwar ta fito kamar ta farko. Idonsa na kaina, kuma a fuskata ya karanta cewa ta fara. Ya juya ɗaya kunnen da sauri. Sannan ya lashi yatsa ya kai gefen murfin, ya ji sanyin iskar na wucewa, har ta ƙare.

Ya daɗe a sunkuye kafin ya miƙe. Ya sauke ƙofar bayan motar ya zauna a kai, ni ma na zauna kusa da shi.

"Kin san," ya ce, "shekara biyu ke nan ina jin injin nan ya yi laushi. Da can in ta tashi har maƙwabta sun sani. Sai na ji ta yi sanyi, ta daina wannan ƙwanƙwasar. Na ɗauka kulawata ce. Har na faɗa wa Dogo, na ce ka ga amfanin canza mai a kan lokaci."

Tausayinsa ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Baba da kunne ya yi suna. Mota na wucewa a titi zai ce wannan nozul ɗinta ɗaya ya gaji, kuma in aka buɗe haka ne. Direbobi har gida suke zuwa su tayar da mota a ƙofarmu don kawai ya saurara.

A zaunen nan komai ya jeru a kaina. Sigina da ba ya jin ƙararta, hon ɗin maƙwabci, kiran Umma daga kicin. Yaya kuwa in yana magana sai ka ce sirri yake faɗa, kuma don girmamawa ba ya kallon Baba a ido, kansa a ƙasa yake yi. Ta ina saƙon Talata zai shiga? Ni da nake magana kamar ina kiran wani a tsallaken titi, ban taɓa ganin canji ba.

"Baba," na ce, "mu cire robar mu jefar. In mun koma mu ce murfin ne ya toshe, kuma ba ƙarya muka yi ba. Sauran ya tsaya tsakanina da kai."

Ya girgiza kai. "In ina ribas a ƙofar gida, ɗanki ya biyo bayan mota, uwarku ta ƙwala min ihu, fa?"

Ya zare robar da bakin makulli ya sa a aljihun gaba, ya rufe tankin, ya jawo mai, ya tayar da ita. Bai shiga ba. Ya tsaya gaban injin ya dafa shi da tafin hannu, sannan ya yafito ni.

"Saurara min. Faɗi duk abin da kika ji, kar ki rage."

Na kasa kunne. "Tana bugawa daidai, ba ta tsallake. Amma akwai wani ɗan kuka siriri ta nan gaba, ƙii-ƙii, yana zuwa yana tafiya."

Ya kashe ta, ya danna bel ɗin fanka da babban yatsa, ya ga ya saki. Ya yi tsaki.

"Allah kaɗai ya san tun yaushe take wannan kukan a gabana. Miƙo min sifana sha biyu, tana ƙarƙashin kujera."

Ya ɗaure bel ɗin, muka ƙarasa gona, aka sauke buhu ashirin cif. A hanyar dawowa bai kunna rediyo ba. Ya sauke gilashi duka biyu, ya ce duk hon ɗin da na ji in taɓa masa kafaɗa. Sau huɗu na taɓa shi. Motar kuwa ko shessheƙa ɗaya ba ta yi ba har gida.

Mun tarar da Yaya a ƙofa tare da mai sayen, wani mai tumbi da ya fara zagaya motar yana shurin tayoyi tun kafin injin ya huce. Umma na leƙowa ta tagar falo. Baba ya gaisa da mutumin hannu biyu, ya ba shi haƙuri a kan wahalar zuwa, ya ce motar ba ta sayarwa ba ce. Mutumin ya kalli Yaya, Yaya ya kalle ni. Na ɗauke kai, don na yi wa kaina alkawarin yau ba ni ce zan yi maganar ba.

Da mutumin ya tafi, Baba ya ciro zoben robar ya ɗora a kan bonet.

"Ga abin da ke kashe ta. Ni na sa shi, laifina ne, kuma na cire. Ka kira Dogo ya gwada ta da cikakken tanki in kana so." Ya ɗan tsaya. "Hankalina yana nan, Babangida. Kunnena ne ya tafi. Na jima ba na jin rabin abin da kake faɗa, sai in gyaɗa kai don kar in ce ka maimaita."

Ya zaro makullin ya miƙa masa.

"Riƙe. Ka kai ni wajen likitan kunne ranar Litinin. In ya sa min na'ura na ji, ka dawo min da abina. In bai yiwu ba, sai mu zauna mu yi magana. Amma ni zan ce a sayar, ba kai ba."

Yaya ya zo da shirin rigima, ya ƙare da makulli a tafin hannu yana kallonsa kamar an ɗora masa garwashi. Sai a lokacin na lura da yadda ya rame. Wata uku yana ɗauke da tsoron cewa wata rana mahaifinsa zai dube shi ya tambayi sunansa, bai faɗa wa kowa ba, ni kuma ina ta zazzaga masa masifa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya sunkuyar da kai ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗago ka dube ni," in ji Baba. "Kuma ka ɗaga murya."

Yaya ya waiga hagu da dama. Mai shagon da ke kallon gidanmu na zaune a benci, mata biyu na wucewa da kwanduna, Umma ta riga ta fito bakin ƙofa. Ya ɗago kai, ya dubi Baba ido cikin ido, ya buɗe murya irin wadda ban taɓa jin ta fito daga bakinsa ba.

"Na ce ka yafe min, Baba!"

Matan nan biyu suka tsaya cak. Baba ya gyaɗa kai a hankali.

"Wannan kam na ji," ya ce.